Baƙin Allo a Valparaíso

Shekara talatin da ɗaya ina jan keken tudu,
akwatin katako mai hawa kan igiyar ƙarfe
daga bakin teku zuwa unguwannin sama.
Hawa da sauka, sauka da hawa,
har gwiwoyina suka haddace lissafin dutsen.
Yau ga ni, Eleuterio, furfura har gira,
a ɗakin karatun unguwa, Laraba da dare,
gaban allo baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Ba hoto, ba kibiyar da za a bi.
Wani ɗan tsinke fari kaɗai ke ƙifta ido,
yana jira kamar yaron shago: me za a kawo?

Ismenia, malamarmu, autata ma ta girme ta,
ta ce, "Kafin ka tafi ko'ina, tambayi inda kake."
Na buga pwd da yatsa ɗaya.
Na'ura ta amsa a layi guda:
/home/eleuterio.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Ashe ina da gida a nan ban sani ba,
ba kuɗin haya, ba rufi mai yoyo.

Na buga ls, ta zazzage mini kayan ɗakin
kamar mai juye aljihu yana neman canji.
Na ce mkdir jirage, sai ga ɗaki ya tsaya,
ba bulo, ba siminti, ba maƙwabcin da zai kai ƙara.
cd ya shigar da ni ciki.
cd da ɗigo biyu ya haura da ni bene ɗaya.
Nan na ce, "Yarinya, wannan ai sana'ata ce,
a hawa da sauka ba ki da abin koya mini."

Mako uku ina tara sunayen jiragen ruwa
da na gani ta tagar akwatina tun ina saurayi:
masu tutar Girka, masu dakon tagulla,
da wani ja da ya yi wata biyu ba a san mai shi ba.
Suna ɗari da goma sha bakwai a fayil guda.
Ran nan na so share wani tarkace,
yatsa ya riga ido,
na buga rm, na bi shi da sunan da ba shi ba.
Allon bai ce uffan ba.
Bai tambaye ni ko na tabbata ba.
Na sake ls. Ɗaki wayam.

"Ina kwandon shara?"
Ismenia ta girgiza kai. "Nan babu.
Abin da ka faɗa take yi, ba abin da kake nufi ba."
Sauri ya haifi nawa.
Na yi tagumi, ina jin karnukan tudu na haushi
da ƙahon wani jirgi da ban san sunansa ba.

Ta jawo kujera kusa da ni.
Ta nuna mini cp, mai yi wa abu tagwai kafin a taɓa shi;
man, inda kowane umarni ke bayyana halinsa
ga mai haƙurin karantawa;
sudo, mabuɗin mai gida,
da ba a zaro shi don buɗe kwalin ashana.
Sai maɓallin Tab, da ke ƙarasa maka suna tun kana rabi,
yadda marigayiya Fresia ke ƙarasa mini zance
shekara arba'in, ko na so ko ban so ba.

Na sake rubutawa daga ka.
Tamanin da huɗu suka dawo.
Sauran sun bi ruwa, dama haka jirage suke.

Yanzu in na ɓace cikin rassan ɗakuna,
can ƙasa inda sunaye ba su da wasali,
ba na ɗaga hannu in kira kowa.
cd nake bugawa, shi kaɗai, ba komai a bayansa,
sai ga ni a gida,
ɗan tsinken nan yana ƙifta ido, yana jirana.